Ina Farkon Labarin Spider-Man? Bayani Ga Iyaye Kan Littattafan Komik



Dalilin wannan rubutu wata 'yar asara ce da na tafka a nan Ingila, wadda da na ba da labarinta a wurin wani suna da muka haɗu da 'yan ƙungiya sai na tarar ashe ba ni kaɗai ba ne. Iyaye uku ne a wurin suka ce irinta ta same su. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na fahimta game da waɗannan littattafai na zane da 'ya'yanmu ke kira komik, musamman na jaruman nan irin su Spider-Man da Batman da Superman, ko Allah ya sa wani ya tsira da kuɗinsa.

Bayan fitowar fim ɗin Spider-Man: Into the Spider-Verse a ƙarshen 2018, babban ɗana, lokacin yana ɗan shekara 11, ya matsa mini lamba sai na sayo masa littafin Spider-Man. Yaro ne da karatu bai dame shi ba, malamarsa ta sha yi mana magana a kai. To, ranar da ya buɗe baki da kansa ya ce littafi yake so, ai ban tsaya wata-wata ba. Na shiga kantin littattafai, na tarar da kanta guda cike da Spider-Man, na laluba har na ga wanda aka rubuta wa lamba 1 a gefe, na biya, na kawo gida ina jin na yi abin kai.

Bayan sallar isha'i sai ga shi ya shigo falo da littafin a hannu. Ya ce, "Baba, wannan ba shi ne farko ba." Na ce, "Kai, ba ka ga lamba 1 a jiki ba?" Ya ce ya gani, amma a ciki Peter Parker babban mutum ne, yana da kamfani, yana da digirin dakta da shi kansa bai san lokacin da ya yi ba, ga wata mata tana cewa saurayinta ne, jama'ar gari kuma suna fushi da shi kan abubuwan da wani mugu ya aikata lokacin da yake cikin jikinsa. Miles Morales kuwa, yaron da ya gani a fim wanda dominsa ya ce a sayo littafin, ko inuwarsa babu. Na karɓa na duba, na ga yaro ya fi ni gaskiya. Lamba 1 ce, amma ta shekarar 2014, kuma ci gaban wani labari ne da aka shafe fiye da shekara guda ana yi a wata mujalla mai suna Superior Spider-Man.

Mu da muka taso da littattafan Hausa tsari ɗaya muka sani: littafi na ɗaya, na biyu, na uku, a ƙarshe marubuci ya yi hamdala ya ajiye alƙalami. Ko Magana Jari Ce haka yake, uku ne. Mutum ɗaya ya rubuta, labari yana da kai yana da gindi. Da wannan tunani na shiga kantin, kuma shi ne ya kayar da ni, don waɗannan littattafai ba haka aka gina su ba.

Gari ɗaya, marubuta barkatai

Kamfanoni biyu ne na Amurka suka mamaye wannan harka. Akwai DC, mai Superman da Batman da Wonder Woman, wanda ke ƙarƙashin kamfanin fina-finai na Warner Bros. Akwai kuma Marvel, mai Spider-Man da X-Men da Avengers da Black Panther, wanda Disney ya saya a 2009. Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne jaruman nan mallakar kamfani ne, ba na marubuci ba. Jerry Siegel da Joe Shuster ne suka ƙirƙiro Superman, ya fara fitowa a Action Comics fitowa ta 1 a 1938. Batman ya biyo baya a Detective Comics fitowa ta 27 a 1939. Waɗanda suka ƙirƙiro su duk sun rasu, amma mujallun nan biyu har yau ana buga su. Kamfani yana ɗaukar marubuci da mai zane haya, su yi shekara biyu ko biyar, su tafi, wasu su ɗora daga inda suka tsaya. Ba wanda aka ba izinin ya ƙare labarin, don ƙarshen labari ƙarshen ciniki ne.

Abu na biyu, duk jaruman kamfani ɗaya a duniya ɗaya suke zaune. Tun 1940 aka fara wannan, lokacin da All Star Comics fitowa ta 3 ta zaunar da jarumai da dama a tebur guda da sunan Justice Society of America. Amma waɗanda suka mayar da abin sana'a su ne Stan Lee da Jack Kirby da Steve Ditko a Marvel, daga 1961 da aka fara Fantastic Four. Su ba su ƙirƙiro garuruwa irin Gotham da Metropolis na DC ba, sai suka zuba mutanensu a birnin New York na gaske. A fitowar farko ta Amazing Spider-Man a 1963, Spider-Man ya je gidan Fantastic Four neman aiki saboda talauci ya ishe shi, da ya ji ba sa biyan albashi ya yi tafiyarsa. Daga nan abu ya zama al'ada: abin da ya faru a wannan mujalla yana shafar waccan, edita kuma ya sa 'yar alamar tauraro a ƙasan hoto ya ce a duba fitowa kaza ta mujalla kaza. Dabarar kasuwa ce, babu shakka, don wanda ya sayi ɗaya sai ya nemi ta biyu. Amma kuma ita ce ke sa yaro ya ji kamar unguwa ce da ya san kowa a cikinta.

Wannan jituwa tsakanin labarai, wato cewa abin da ya faru jiya yana nan bai goge ba, ita ce masu harkar ke kira kontinuwiti. Ni na fi son in ce zaren labari. To, zaren da aka yi shekara tamanin da ɗoriya ana saƙawa, hannu ɗaruruwa suna taɓa shi, dole ya cukurkuɗe. Yadda kowane kamfani ke warware nasa shi ne ainihin abin da ke rikita mai saye.

Yadda Marvel ke faci

Marvel ba su taɓa share labarinsu gaba ɗaya ba. A ƙa'ida, Peter Parker na yau shi ne dai wanda gizo-gizo ya ciza a Amazing Fantasy fitowa ta 15 a 1962. Matsalar ita ce a lokacin ɗan sakandare ne, da ana bin lissafi da yanzu ya doshi tamanin, ga shi kuwa har yau bai wuce matashi ba. Dabarar da suka yi ita ce jan lokaci: duk abin da ya faru tun daga Fantastic Four na 1961 ana ɗauka ya faru ne cikin shekara goma sha 'yan kai da suka wuce, ko a wace shekara kake karantawa. Shi ya sa Iron Man, wanda a 1963 aka ce a yaƙin Biyetnam ya ji rauni ya ƙera sulkensa, daga baya aka mayar da abin Afganistan. Captain America kuwa ba ya motsi, don shi an ɗaure shi da yaƙin duniya na biyu. A 1964 da aka tsamo shi daga ƙanƙara, kimanin shekara 20 ya yi a daskare. Yanzu kuwa kullum shekarun barcinsa ƙaruwa suke yi.

Sai dabara ta biyu, wadda suke kira retkon, wato a dawo baya a ce abin da ka gani ba haka ainihinsa yake ba. Bucky, yaron Captain America, an shafe shekara arba'in ana cewa ya mutu a ƙarshen yaƙi. A 2005 marubuci Ed Brubaker ya ce a'a, Rashawa ne suka tsince shi suka mayar da shi makashi mai suna Winter Soldier. Wannan faci ya yi kyau ƙwarai, har fim aka yi da shi a 2014. Amma akwai wanda bai yi ba. Peter Parker ya auri Mary Jane a 1987, suka yi shekara 20 da aure a idon masu karatu, sai a 2007 kamfani ya ga ya fi son jarumin nasa gwauro. Maimakon saki, sai aka rubuta labarin One More Day inda Peter ya ƙulla yarjejeniya da wani shaiɗani mai suna Mephisto, a goge auren kamar ba a taɓa yi ba don a ceci ran gwaggonsa. Masu karatu da yawa har yau ba su huce ba, ni ma da na karanta ban ga kan gadonsa ba.

Mutuwa kuwa a wannan duniya kamar zuwa unguwa ce. Jean Grey ta X-Men ta mutu a 1980, ta dawo a 1986. A ɓangaren DC, a 1988 kamfani ya ba masu karatu lambar waya su zaɓa ko Robin na biyu, Jason Todd, ya rayu ko ya mutu. Masu son ya mutu suka yi rinjaye da ƙuri'a 72 kacal, aka kashe shi, a 2005 ya dawo. Superman da kansa ya mutu a ƙarshen 1992, jaridun duniya suka ɗauka, kafin 1993 ta ƙare ya tashi. Don haka idan yaro ya ce maka wane ya mutu a wannan littafi amma ga shi da rai a wancan, ba lallai ne ka sayo ba daidai ba.

Yadda DC ke sabon lale

Su DC hanyarsu dabam. A 1956 suka fito da sabon Flash mai suna Barry Allen, alhali akwai tsohon Flash, Jay Garrick, tun 1940. Da masu karatu suka fara tambaya, sai a Flash fitowa ta 123 a 1961 aka ce ai duniyoyi biyu ne, kowane Flash da tasa, har suka haɗu suka gaisa. Daga biyu abu ya yi ta hayayyafa, kowace duniya da nata Superman da Batman, har editoci da kansu suka fara ɓata. A 1985, shekarar da kamfanin ya cika 50, Marv Wolfman da George Pérez suka yi Crisis on Infinite Earths, fitowa 12, suka rushe duniyoyin nan suka bar guda ɗaya. Supergirl ta mutu a ta 7, Barry Allen a ta 8. Aka sake ba da asalin Superman daga tushe a The Man of Steel na John Byrne a 1986, na Batman kuma a Year One na Frank Miller da David Mazzucchelli a 1987.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma gyaran ya haifar da nasa matsalolin, aka sake taɓawa a Zero Hour a 1994, aka sake a Infinite Crisis a 2005 zuwa 2006, duniyoyin da aka rushe suka dawo. A watan Satumba na 2011 suka yi babban sabon lale da suka kira New 52: aka dakatar da komai, aka fara mujallu 52 duk daga lamba 1, jarumai suka koma matasa, auren Superman da Lois Lane ya ɓace. Tsofaffin masu karatu suka yi ta ƙorafi, a 2016 aka yi Rebirth aka fara dawo da abubuwan da aka zubar. Saboda haka littafin DC, kafin ka tambayi lambarsa, tambayi zamaninsa: kafin 1986 ne, ko tsakanin 1986 da 2011, ko 2011 zuwa 2016, ko bayan nan. Batman na kowane zamani yana da ɗan bambancin tarihi da na sauran.

Da na yi wa mahaifiyar yaran wannan bayani sai ta yi dariya ta ce ai Gizo ne. A wannan tatsuniya a yi masa dukan kawo wuƙa, a ta gaba ga shi garau yana yi wa Ƙoƙi wayo, ba wanda ya taɓa tambayar wace ce ta farko. Ta yi gaskiya rabi. Bambancin shi ne mai tatsuniya bai taɓa yi maka alkawarin cewa labaransa a jere suke ba, su kuwa waɗannan kamfanoni sun yi alkawarin, suna kuma karɓar kuɗi a kansa, sannan su karya shi duk lokacin da ciniki ya ja baya.

Tarkon lamba 1

A nan ne kuɗina suka tafi, don haka bari in ɗan daɗe. Mujallar Amazing Spider-Man ta fara daga lamba 1 a 1963, ta tafi har 441 a 1998. A 1999 aka koma lamba 1. A 2003 aka haɗa lissafi aka ce an kai 500, aka ci gaba har 700 a ƙarshen 2012. Sai aka koma lamba 1 a 2014, wadda na sayo ke nan. Aka sake komawa 1 a 2015, aka yi tsalle zuwa 789 a 2017 don a yi bikin 800, aka koma 1 a 2018, aka sake a 2022, aka kuma sake a 2025. Wato mujalla ɗaya, suna ɗaya, lamba 1 har sau bakwai, kuma ban da ta 1963 babu wadda take farkon labari. Action Comics ma ta kai 904 a 2011, ta koma 1, a 2016 ta yi tsalle zuwa 957, ta cika 1000 a 2018. Dalili ba ɓoyayye ba ne: fitowa mai lamba 1 ta fi sayuwa, don masu tara littattafai suna rububinta, sababbin shiga irina kuma suna zaton nan ne ƙofa.

Su waɗannan mujallu sirara ne, labarin ciki bai fi shafi 20 da 'yan kai ba, suna fitowa wata-wata ko sau biyu a wata, galibi ranar Laraba, a Amurka kowace dala 4 zuwa 5. Bayan 'yan watanni sai a haɗa biyar ko shida a yi kundi guda, shi ne wanda muke gani a kantunan littattafai da laburare. Kundin ma yana da tasa lambar, kuma duk lokacin da aka canja marubuci ko aka koma lamba 1, shi ma sai ya koma kundi na 1. Don haka a kanta ɗaya za ka iya ganin kundi na 1 guda huɗu na jarumi ɗaya, ka sayi na 1 na wannan zubi da na 2 na wancan, yaro ya rasa inda aka dosa.

Maganin abin a bayan littafi yake. Juya bangon baya, can ƙasa da ƙananan haruffa za ka ga an rubuta fitowa ta nawa zuwa ta nawa aka tara a ciki, sau da yawa har da shekarar da wannan zubi ya fara. Sannan ka duba sunan marubuci a bangon gaba. Suna, shekara, marubuci: idan ukun nan suka yi daidai da na kundin da ke gida, to ci gabansa ne. Masu zaune a Faransa ko Beljiyam su ƙara lura, don kamfanonin da ke fassarawa zuwa Faransanci, Panini na Marvel da Urban Comics na DC, suna da nasu tsarin lambobi da bai yi daidai da na Amurka ba.

Jerin fitowa da jerin aukuwa

Ko ka kuɓuta daga tarkon lamba, akwai wata tambaya: a bi yadda aka buga su, ko a bi yadda abubuwa suka faru a cikin labari? Ba kullum suke tafiya tare ba. A 1984 masu karatun Amazing Spider-Man suka buɗe fitowa ta 252 suka ga jarumin nasu da baƙaƙen kaya, ba su san inda ya samo ba. Sai bayan wata bakwai, a Secret Wars fitowa ta 8, aka nuna yadda aka yi. Year One kuma, a tarihin Batman shi ne farko, amma an rubuta shi shekara 48 bayan fitowarsa ta farko.

Abin ya fi tsanani a babban gami, wato labarin da ke ratsa mujallu da yawa lokaci guda. Mutuwar Superman ta bi ta mujallu biyar: ta fara a Superman: The Man of Steel ta 18, ta shiga Justice League America ta 69, Superman ta 74, Adventures of Superman ta 497, Action Comics ta 684, ta koma Man of Steel ta 19, ta ƙare a Superman ta 75. Wanda ya sayi Superman 74 da 75 kawai yana zaton a jere suke, ya tsallake babi uku. DC sun san da haka, shi ya sa a 1991 suka fara sa wata 'yar alama mai kusurwa uku a bangon mujallun Superman da lambar da ke nuna wadda ke bin wata. A ganina wannan ita ce dabara mafi adalci da aka taɓa yi wa mai karatu a wannan harka.

Civil War na Marvel, 2006 zuwa 2007, uwar labarin fitowa 7 ce kacal, amma rassan da suka fito daga jikinta a sauran mujallu sun ninka haka sau da yawa. Akwai mutanen da suka zauna suka jera su ɗaya bayan ɗaya, wasu har shafi-shafi, kuma yaro in ya ga irin wannan jeri sai ya ɗauka wajibi ne a sayi duka. Ba wajibi ba ne. Uwar labari ta isa, sai reshen jarumin da yake bi in yana so. Sauran yawancinsu ciko ne.

Ra'ayina a nan shi ne a bi jerin fitowa, kuma a bi shi a cikin zamanin marubuci ɗaya. Shi marubucin ya san abin da ya riga ya gaya maka da abin da ya ɓoye, ya kuma san cewa kowace fitowa akwai wanda ita ce ta farkonsa, don haka yakan tuna maka abin da ya kamata. Labaran asali da aka rubuta daga baya kuwa, an rubuta su ne don wanda ya riga ya san jarumin, daɗinsu yana wurin gane abin da ake yi wa shimfiɗa. Chris Claremont ya riƙe X-Men daga 1975 zuwa 1991. Wanda ya bi shi shi kaɗai ya karanta labari mai kai da gindi, ko da bai taɓa buɗe na 1963 ba.

Inda za a iya farawa

Abin da ya kamata in sayo wa yarona tun farko shi ne Ultimate Spider-Man na Brian Michael Bendis da Mark Bagley, wanda aka fara a 2000. Marvel sun buɗe wata duniya ce dabam don sababbin masu karatu, Peter ya koma ɗan sakandare, lamba 1 kuma farko ce ta gaske. A wannan duniya aka haifi Miles Morales a 2011, Bendis da mai zane Sara Pichelli suka ƙirƙiro shi, sai a 2015 aka rushe duniyar aka dawo da shi cikin babbar. A kula, akwai wani Ultimate Spider-Man lamba 1 na 2024, na Jonathan Hickman, inda Peter magidanci ne da 'ya'ya biyu. Ba shi nake nufi ba.

'Yata kuwa da Ms. Marvel na 2014 ta fara, na G. Willow Wilson da Adrian Alphona. Kamala Khan yarinya ce Musulma, iyayenta 'yan Pakistan, tana zaune a Jersey City, tana fama da dokar gida da ta makaranta da ta masallaci. Rigimar da take yi da iyayenta kan zuwa biki da dare, na rantse kamar a falonmu aka ɗauko. Ba komai na ciki na yarda da shi ba, amma ya buɗe mana hira da yarinyar da da ban san ta inda zan fara ba. Shi ma yana da lamba 1 ta biyu a 2015, a fara da na 2014. A ɓangaren DC akwai waɗanda ba su jingina da komai ba: All-Star Superman na Grant Morrison da Frank Quitely, fitowa 12 ya ƙare, da Superman Smashes the Klan na Gene Luen Yang, labarin wasu iyalin Sinawa da suka koma unguwar Turawa a 1946 suka gamu da masu ƙin baƙi. Wannan na biyun duk gidan da ke zaman ƙasar waje zai gane kansa a ciki. Black Panther na Ta-Nehisi Coates na 2016 kuwa, duk da lamba 1 da farin jinin fim, yana da nauyi, kuma ya dogara da abubuwan da suka faru a wasu mujallu kafinsa, ban ba yaro shawarar farawa da shi ba.

Sai maganar da ta fi kuɗi muhimmanci. Zane ba ya nufin na yara ne. Daga 1954 akwai wata hukumar tace komik da kamfanonin suka kafa wa kansu, Marvel suka fice a 2001, DC a 2011, yanzu kowa shi ke sa wa kansa alama. A kusa da lambar farashi za ka ga T ko T+ a na Marvel, na matasa ke nan, a na DC kuma adadin shekaru kamar 13+ ko 17+. Duk wanda aka rubuta wa MAX na manya ne zalla, yawancin na Black Label ma haka. Watchmen da The Dark Knight Returns da The Killing Joke, waɗanda kowane jerin fitattu ke sawa a sama, akwai kisa da cin zarafi a cikinsu da ban yarda ɗan shekara 11 ya gani ba. Haɗarin bin jeri ido rufe ke nan: jerin aukuwa bai san shekarun ɗanka ba, zai ɗauke shi daga labarin yara ya jefa shi cikin na manya don kawai wannan ne ke bin wancan. Ni dai kowane kundi sai na fara buɗawa na duba kafin ya shiga ɗakinsu.

Kafin a saya kuma a gwada laburaren unguwa. A Ingila da Amurka yawancinsu suna da sashen waɗannan littattafai, aro kyauta ne, in babu wanda kake so sukan nemo maka daga wani reshe. Akwai kuma Marvel Unlimited da DC Universe Infinite, inda ake biyan kuɗin wata a karanta dubban tsofaffin fitowa a waya ko kwamfuta, sai dai a fara tabbatarwa suna aiki a ƙasar da ake zaune, a kuma san cewa na manya da na yara duk a wuri ɗaya suke.

Fina-finai ma duniyarsu dabam, kada a haɗa lissafinsu da na littafi. Jerin fina-finan Marvel da ya fara da Iron Man a 2008 aron sunaye da jigo yake yi, ya gina nasa. A littafin Civil War fashewar da ta hallaka ɗaruruwan mutane a garin Stamford na Amurka ce ta tayar da rigimar, a fim ɗin 2016 kuwa wani artabu a Legas ne ya tayar da ita. Yarona ya yi kwana biyu yana neman Legas a cikin littafin.

Shi kuwa kundin nan na 2014 ya yi kusan shekara biyu a kan kanta ba wanda ya taɓa shi. Sai da yaron ya gama na Bendis, ya aro Superior Spider-Man daga laburare ya ga yadda Doctor Octopus ya sace jikin Peter, sannan ya ɗauko shi ya karanta a zama ɗaya. Da ya gama ya leƙo ya ce, "Baba, saura na biyu." Na ce ya rubuto mini suna da shekara da marubuci a takarda.